Bitamin C mai rigar kitse ko ƙwayar kemis: wanne ya cancanci kuɗinka?

Kwanakin baya ƙanwata ta turo mini hoton abu biyu ta WhatsApp. Ɗaya farar ƙwayar bitamin C ce da kowa ya sani, wadda ake ƙirga maka a kowane kemis. Ɗayan kuma 'yar kwalba ce shigowar waje, an rubuta Liposomal a jikinta, kuɗinta ya ninka na farkon sau da yawa. A ƙasan hoton ta rubuta: "Yaya, wanne zan saya wa Hajiya? Mai sayarwar ta ce wannan kai tsaye yake shiga sel, wancan kuwa a fitsari yake ƙarewa."

Akwai gaskiya a maganar mai sayarwar, akwai kuma ƙarin gishiri. Raba su yana buƙatar mu san hanyar da bitamin C ke bi daga baki zuwa sel, wato ƙananan ƙwayoyin halittar da aka gina jiki da su.

Akuya da saniya da kare suna haɗa nasu bitamin C a hanta. Ɗan Adam ba ya iyawa, dole sai ya ci. Da shi jiki ke ƙera kolajin, zaren da ke riƙe fata da dasashi da jijiyoyin jini, kuma yana taimaka wa hanji ya tsotsi sinadarin ƙarfe daga wake da ganye. Idan ya ƙare a jiki, dasashi ya riƙa zubar da jini, ciwo ya ƙi warkewa. Abin da ake buƙata ba shi da yawa: ma'aunin Amurka ya ce miligiram 90 a rana ga namiji, 75 ga mace, 85 ga mai ciki, 120 ga mai shayarwa, mai shan sigari kuma ya ƙara 35.

Wahalar tana wajen shiga. Bitamin C ɗan ruwa ne, wato a ruwa yake narkewa, bangon sel kuwa da kitse aka yi shi, don haka ba ya ratsawa da kansa. Sai ta wasu ƙofofi na musamman: SVCT1 a hanji da ƙoda, SVCT2 a sauran sassan jiki. Ƙofofin nan suna da iyaka. Idan abin da ka ci a rana yana tsakanin miligiram 30 da 180, hanji na tsotse kashi 70 zuwa 90 cikin ɗari. Idan ya haura giram ɗaya, abin da ke shiga ba ya kai rabi, kuma rarar da ta shiga ƙoda ce ke tace ta. Daga nan masana suka yi tunanin a sa masa rigar kitse 'yar mitsitsiya, ko zai wuce ba tare da ya jira layi a ƙofa ba.

Ma'aunan da na ɗora kowane zaɓi a kai

Na farko, nawa ne ke isa jini, kuma shin sel na buƙatar ƙarin? Tambayoyi biyu ne, kuma masu talla ta farkon kawai suke amsawa. Na biyu, ina aka samo hujjar: a farantin ɗakin gwaji, a jikin ɓera, ko a jikin mutum? Sai farashi, da juriyar zafi da ajiya, domin bitamin C ba ya shiri da zafi da haske da iska, mu kuma muna da watan Afrilu da ɗaukewar wuta. Sai sauƙin samu da sha. Na ƙarshe haɗari, musamman ga masu ciwon ƙoda, masu sikila, da masu ƙarancin sinadarin G6PD a jini, wanda ya yawaita a tsakanin mazan Afirka ta Yamma.

Abinci

Giram 100 na gwaiba yana ɗauke da miligiram sama da 200, wato gwaiba ɗaya madaidaiciya ta biya buƙatar yini har da rara. Ɗanyen jan tattasai yana da kusan 128, gwanda kusan 60, lemon zaƙi kusan 53, mangwaro kusan 36. 'Ya'yan yazawa da garin ƙwame, wato farin garin cikin 'ya'yan kuka, su ma suna sahun gaba. Bitamin C ɗin gwaiba da na masana'anta sinadari ɗaya ne, jiki ba ya bambanta su. Fifikon abinci shi ne yana zuwa kaɗan kaɗan, daidai yadda ƙofofin hanji ke so.

Rauninsa a tukunya yake. Doguwar dahuwa tana kashe shi, shanya a rana tana cinye mafi yawansa, kanwa kuma tana gamawa da sauran. Zogalen da aka tafasa da kanwa aka tsiyaye ruwan yana da amfaninsa, amma kada a dogara da shi wajen bitamin C. Haka busasshen tattasai da kuka ta miya. A matsa lemon tsami bayan an sauke tukunya, ko a yanka ɗanyen tumatir da tattasai a kan kwaɗo, ya fi. Haɗari kusan babu, in ban da na rashin wankewa.

Ƙwayar kemis

Wannan ce aka fi sani, kuma ita ce aka fi yi wa bincike. A 1996 Mark Levine da abokan aikinsa na Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa a Amurka suka wallafa gwajin da suka yi kan maza bakwai masu lafiya, waɗanda suka kwantar a asibiti watanni suna auna kowace loma. Sun gano cewa miligiram 200 a sha ɗaya yana shiga jiki gaba ɗaya. Fararen ƙwayoyin jini kuwa sun ƙoshi tun a miligiram 100 a rana, kuma abin da suka tara a cikinsu ya ninka na ruwan jini aƙalla sau 14. Daga miligiram 500 zuwa sama, rarar tana bin fitsari.

A dubi wannan da kyau, domin shi ne ginshiƙin duk kwatancen. Maganar cewa ƙwayar kemis a fitsari take ƙarewa gaskiya ce ga wanda ya haɗiye miligiram 1,000 a lokaci guda. Ga mai shan 100 ko 200 ba haka ba ne. Kuma sel ba ya zaune yana jiran a tura masa: shi da kansa yake jawo bitamin C yana tarawa har ya cika. Tulun da ya cika, ko da bokitin zinare aka kawo ruwan, ƙasa zai zuba.

Ita ce mafi arha. Busasshiyar ƙwaya a rufaffen mazubi tana daɗewa, sai dai idan ta sha danshi ta koma ruwan ƙasa-ƙasa, to a zubar. Mai narkewa a kofi tana kumfa ta fi tsada, yawanci miligiram 1,000 ce, kuma tana ɗauke da sodiyam, abin da mai hawan jini ya kamata ya lura da shi. Ta tsotsa kuma tsaminta na cin haƙori idan ta zama ta kullum. Iyakar da aka gindaya wa babba ita ce miligiram 2,000 a rana. Kafin a kai nan ma wasu na samun ƙwannafi da gudawa. Wani bincike a Suwidin da aka wallafa a 2013 ya nuna mazan da ke shan ƙarin bitamin C, galibi mai miligiram 1,000, sun kusa ninka sauran wajen samun tsakuwar ƙoda.

Kumfar kitse, wato lifosom

Ka ɗauki ƙullin ruwa a leda, ka mayar da ledar ta zama siririn bangon kitse mai ninki biyu, irin wanda ya kewaye sel ɗinka. Wannan shi ne lifosom. Alec Bangham ne ya fara bayyana shi a Cibiyar Babraham kusa da Kambirij a Ingila, a farkon shekarun 1960. Girmansa da nanomita ake auna shi. Milimita ɗaya nanomita miliyan ɗaya ce, lifosom na magani kuwa yakan kasance kusan nanomita 100, alhali jar ƙwayar jini guda ta kai 7,000. Da yake cikinsa ruwa ne, ya dace da bitamin C. Kitsen da ake amfani da shi lesitin ne, daga waken suya ko 'ya'yan furen rana.

Fasahar ba wasa ba ce. Doxil, maganin ciwon daji mai rigar lifosom, ya samu amincewa a Amurka tun 1995, kuma allurar rigakafin korona ta Pfizer da ta Moderna da ƙananan ƙullin kitse aka naɗe su. Amma duk waɗannan allura ce. Wanda aka haɗiya sai ya haɗu da tsamin ciki, da ruwan matsarmama, da sinadaran da aikinsu ke nan narkar da kitse. Wani kaso yana fashewa a hanya, bitamin ɗin ya fito tsirara ya bi ƙofar da aka saba.

Me aka gani a jikin mutum? A 2016 masu bincike a Jami'ar Jihar Kolorado suka ba mutum 11 giram 4 ta hanyoyi daban-daban. Mai lifosom ya fi na yau da kullum ɗaga ma'aunin jini, amma bai kai wanda aka ɗura ta jijiya ba. Sai suka ɗaure hannun kowa da abin awon jini na minti 20 suka saki, don su ga yadda bitamin ɗin ke kare jiki daga illar da hakan ke jawowa. Kariyar ta zo kusan ɗaya a duk hanyoyin uku. Wannan sakamako na biyu ba za ka gan shi a takardar talla ba, kuma a wurina shi ne mafi muhimmanci. Sauran gwaje-gwajen da suka biyo baya ƙanana ne, na 'yan sa'o'i, da yawansu kuma kamfanonin da ke sayar da kayan ne suka ɗauki nauyi. Abin da suke aunawa shi ne tashin ma'auni a jini, ba warkewar cuta ba.

Farashinsa ya fi na kowane bitamin C da ake sha tsada, ga shi kusan duk daga waje yake zuwa, yana bin tashin dala. Na ruwa ba ya jure zafi: kitsen na iya yin ɗoyi, kumfar ta haɗe ko ta yoye, yawancinsu ma an rubuta a sa a firji bayan buɗewa. Kwalbar da ta kwana a kwantena ta yi makonni a shago mai rufin kwano, ba lalle abin da ke cikinta ya zama abin da ya baro masana'anta ba. Akwai kuma matsalar suna. A Amurka, dokar 1994 ba ta tilasta a tantance kayan ƙarin abinci kafin su shiga kasuwa kamar yadda ake yi wa magani ba, don haka wanda ya gauraya garin bitamin C da garin lesitin a kafso shi ma yana iya rubuta kalmar a kwalbarsa. Lambar NAFDAC tana da muhimmanci, a duba ta, sai dai rajista ba shaida ba ce cewa kumfar ta fi aiki. Abu ɗaya da zan yaba: wasu masu shansa suna cewa ya fi musu sauƙi a ciki. Amma haɗarin tsakuwar ƙoda da taruwar sinadarin ƙarfe a jiki bai ragu ba don an sa riga.

Dunƙulen kitse

Wannan shi ne wanda aka fi jin labarinsa a takardun bincike, da sunan SLN. Bambancinsa da lifosom shi ne ba shi da ruwa a ciki: curi ne na kitse daskararre, kamar a ce man kaɗanya an farfasa shi zuwa ƙwayoyin da ido ba ya gani. Rainer Müller a Jamus da Maria Rosa Gasco a Italiya ne suka buɗe fagen a farkon shekarun 1990. Ya fi lifosom ƙwari, kuma yana sakin abin da ya ɗauko a hankali.

Sai dai shi da bitamin C ba jininsu ɗaya ba. Ɗan ruwa ba ya son zama a cikin kitse, don haka kaɗan yake ɗauka, kuma yayin ajiya kitsen yana ƙara tsukewa ya turo shi waje. Masana sun bi hanya biyu. Ko dai su haɗa kitsen da ɗan mai mai ruwa-ruwa don a samu gurabe, wanda ake kira NLC, ko kuma su yi amfani da askobil falmitet, wato bitamin C da aka liƙa wa jelar kitse.

Labarin tasirinsa a kan sel shi ne ke ruɗar mutane, don haka zan ɗan tsaya a nan. Sel yana haɗiye irin waɗannan ƙwayoyi ɗungurungum, ya lanƙwasa bangonsa ya rufe su, ba sai sun bi ta SVCT2 ba. A 2014 wasu masu bincike a Turkiyya suka loda bitamin C a dunƙulen kitse suka zuba wa sel iri biyu a faranti. Sel ɗin ɓera da aka juya suka zama masu halin ciwon daji sun mutu fiye da yadda bitamin tsirara ya kashe su, ta hanyar mutuwar da sel ke tsara wa kansa, lafiyayyun kuma ba su cutu ba. Tun 2005 ma ƙungiyar Levine ta nuna dalilin irin wannan: idan bitamin C ya yi yawa ƙwarai, yakan juya daga mai kariya ya zama mai haifar da haidurojin feroksaid, ruwan nan mai kumfa da ake wanke ciwo da shi, kuma wasu sel na ciwon daji ba su iya kawar da shi da sauri.

Aiki ne mai kyau, ina kuma fatan ya kai ga magani. Amma faranti ba shi da hanji, ba shi da hanta, ba shi da ƙoda. Ma'aunin da ke kashe sel a faranti dubban maikromol ne a lita, wato awon yawan sinadari a cikin ruwa. Jinin mai cin abinci mai kyau yana wajen 70 zuwa 80. Lissafin da aka wallafa a 2004 ya nuna ko mutum ya riƙa haɗiyar giram 3 duk bayan awa huɗu, ƙololuwarsa kusan 220 ce. Ko lifosom ya ninka wannan, da sauran tafiya mai nisa. Dunƙulen kitse mai bitamin C ba maganin ciwon daji ba ne da wata hukuma ta amince da shi. Inda fasahar ta fi kusa da hannun mai saye shi ne man shafawa, domin a can matsalar ita ce saurin lalacewar bitamin ɗin a kwalba da wahalar ratsa fata, kuma rigar kitse tana taimakawa a duka biyun.

Ƙarin ruwa ta jijiya

Wannan ne kaɗai ke tsallake hanji gaba ɗaya. Lissafin 2004 ɗin ya nuna giram 50 ta jijiya na iya kai jini sama da maikromol 13,000. A 1976 Ewan Cameron da Linus Pauling suka ba da rahoton cewa masu ciwon daji da suka ba bitamin C ta jijiya da ta baki sun fi daɗewa. Asibitin Mayo na Amurka ya gwada giram 10 ta baki kawai a 1979 da 1985, bai ga wani amfani ba. Har yau ta jijiyar tana matakin gwaji. A 2022 wani babban gwaji kan marasa lafiya masu gubar jini a sashen kulawa ta musamman ya nuna waɗanda aka yi wa sun fi fuskantar mutuwa ko lalacewar sassan jiki.

Yana da tsada, yana buƙatar asibiti, kuma haɗarinsa ya fi na kowa. Ga mai ƙarancin G6PD yana iya farfasa jajayen ƙwayoyin jini. Ga mai raunin ƙoda yana iya toshe ta. Yana kuma sa wasu na'urorin awon suga su ba da lamba ta ƙarya. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne yadda ake ɗaura wa mata wannan ruwa a wuraren gyaran jiki da sunan hasken fata, ba tare da an auna jinin kowa ba.

| Zaɓi | Isa jini | Hujja a jikin mutum | Farashi | Juriyar ajiya | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Abinci | Ya isa buƙata | Mai ƙarfi | Arha, yana bin kaka | 'Yan kwanaki | Kusan babu |
| Ƙwayar kemis | Cikakke har miligiram 200 | Mai ƙarfi | Mafi arha | Mai kyau in ba danshi | Ƙwannafi, gudawa, tsakuwa idan an yawaita |
| Lifosom | Ya ɗan fi | Kaɗan, ta gajeren lokaci | Mai tsada | Na ruwa ba ya son zafi | Irin na ƙwaya, da jabu |
| Dunƙulen kitse | Ba na sha ba ne tukuna | Galibi faranti da dabba | Ya danganta da man | Ya fi lifosom, amma yana yoyo | Ƙaiƙayin fata ga wasu |
| Ta jijiya | Mafi yawa nesa ba kusa ba | Ana kan gwaji | Mafi tsada | Aikin asibiti | Fashewar jini, ƙoda |

Wa ya dace da wanne

Lafiyayyen da ke samun 'ya'yan itace ko ɗanyen kayan lambu kusan kullum ba ya buƙatar sayen komai. Wanda abincinsa ya taƙaita ga tuwo da busasshiyar miya, ko tsoho mai ƙarancin ci, ko mai shan sigari, ƙwayar miligiram 100 sau ɗaya ko biyu a rana ta wadatar. A nan Hajiyarmu ta faɗo. Na ce wa ƙanwata ta sayi ta kemis, ragowar kuɗin kuma ya tafi wajen mai gwanda da lemo.

Mai gudun mura ya san wannan: nazarin Cochrane na 2013, wanda ya tattara sakamakon gwaje-gwaje da dama, ya nuna shan bitamin C kullum ba ya hana yawancin mutane kamuwa, yana dai rage kwanakinta da kusan kashi 8 cikin ɗari ga manya, 14 ga yara. Farawa bayan mura ta riga ta kama bai nuna tabbataccen amfani ba. Babu dalilin biyan kuɗin lifosom don wannan.

Mai ciki ko mai ƙarancin jini da aka rubuta wa maganin ƙarfe, rabin lemo ko ƙwaya ɗaya tare da maganin ya isa, a kuma nisanta shi da shayi.

Lifosom na da gurbi ƙarami: wanda likita ya ce ya sha mai yawa, ya gwada raba ƙwayar kemis kashi-kashi bayan abinci amma cikinsa ya ƙi, kuma yana da halin saye da wurin ajiya mai sanyi. Shi ma ya nemi kamfanin da ya bayyana girman ƙwayoyin da yawan kitsen da ke ciki.

Mai neman na shafawa ta duba kwalba mai duhu da ba ta shan iska. Binciken Jami'ar Duke na 2001 ya nuna tsantsar bitamin C na ratsa fata ne idan ruwan yana da tsami sosai, kuma wuce kashi 20 cikin ɗari ba ya ƙara komai. Idan fatarki ba ta jure wannan tsamin, mai rigar kitse zaɓi ne mai ma'ana. Ruwan da ya koma ruwan goro ya riga ya lalace.

Mai sikila da ake yawan yi wa ƙarin jini, da mai ciwon ƙoda, da wanda ya taɓa yin tsakuwa, kada su wuce abin da ke cikin abinci sai da izinin likitansu, kowace riga bitamin ɗin ya sa.

Wanda kuma ke jinyar mai ciwon daji, aka kawo masa kwalba da hoton sel suna mutuwa a faranti, ina roƙonsa kada ya dakatar da maganin asibiti, kada ya sayar da kadara saboda ita. Ya ɗauki kwalbar ya kai wa likitan da ke duba majinyacin. Idan har maganar ƙarin ruwa ta taso, a fara da gwajin G6PD da na ƙoda, kuma a yi shi a asibitin da ke da fayil ɗin mara lafiyar.